Tsadar abinci da noma a Kebbi: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawo a bakin mutane a majalisa, a tasha da bakin kasuwa, daga Birnin Kebbi har Yauri da Zuru. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuma sai an zauna.

Jiharmu ake yi wa kirari da noman shinkafa. Me ya sa mu ma muke sayenta da tsada?

Saboda ba a Suru ko Augie ake yanke farashinta ba. Shinkafar Kebbi ta daɗe da zama hajar ƙasa baki ɗaya. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi, wato Anchor Borrowers, na Babban Bankin Najeriya, lokacin mulkin Gwamna Atiku Bagudu. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar Lake Rice a Legas, ta haɗin gwiwar jihohin Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Irin waɗannan manyan injuna ba sa son tsayawa, don haka wakilansu da na kamfanonin Kano suna bakin gona da kuɗi a hannu tun kafin a gama sussuka.

Matar da ke turara shinkafa a gida a Kalgo tana kai wa kasuwa, da waɗannan take gasar sayen shanshera. In sun taya da tsada, ita ma dole ta saya da tsada, kuma a kwanon da za ta auna maka za ta fanshe. Kusancinka da gona yana rage maka kuɗin mota ne kawai.

Yaushe abin ya fara tsananta haka?

Ba rana ɗaya ba ce. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun jihar. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki da alkama a duniya. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, har manomi ya riƙa karyar da hatsinsa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa kusan naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. A Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har Maris 2024, kasuwancin Kamba da kewaye ya tsaya cik. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari.

To ina ruwan fetur da buhun shinkafa, in ban da kuɗin mota?

A Kebbi fetur yana cikin shinkafar kanta. Wanda bai taɓa noman rani ba ba zai gane wannan da sauri ba.

Je fadamar Argungu ko Bunza a watan Maris. Kowace gona da rijiyarta ta bututu, an haƙa ta da hannu, ga ƙaramin inji a bakinta yana ta ƙara, ga jarka a gindin bishiya. Shinkafa irin Faro 44, wadda manoma suka fi sani da Sipi, takan ɗauki kusan wata huɗu a gona, kuma rabin wannan lokaci ya faɗo ne cikin zafin bazara, inda ruwan da aka ba fangali da safe ƙasa da rana suke shanye shi kafin jibi. Ranar da ba a tayar da inji ba, gona za ta nuna. In shinkafa ta ji ƙishi lokacin da take ɗaukar ciki, sai ta fitar da kai babu ƙwaya, aikin wata uku ya tafi a banza. Don haka manomi ba shi da zaɓin cewa bari ya jira mai ya sauko. Zai sayar da akuya, zai ci bashi, amma sai ya cika jarkar nan.

Bayan wannan kuma akwai injin huɗa, injin sussuka, babur ɗin da ke fito da buhuna daga fadama zuwa bakin titi, injin casa, sannan motar da za ta kai kasuwa. Kowanne mai yake sha. Ɗan ƙwadago ma da ke dashe ya ƙara kuɗinsa, don shi ma sayen abinci yake. Shi ya sa bayan cire tallafi aka ga manoma da dama sun rage faɗin abin da suke nomawa da rani, wasu suka bar shinkafa suka koma abin da bai kai ta shan ruwa ba.

Injin ban ruwa mai amfani da hasken rana fa? Ya cancanci kuɗinsa?

Ga wanda ke noman rani kowace shekara a gonarsa ta kansa, ya cancanta. Rana dai ba a sayenta, kuma lokacin da gona ta fi buƙatar ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Matsalarsa uku ce: kuɗin farko mai nauyi, raguwar ƙarfinsa in ƙurar hunturu ta rufe sama ko ta kwanta a kan farantan, da kuma ɓarayi. Faranti ba inji ba ne da za ka ɗaura a babur ka koma da shi gida kullum cikin sauƙi.

Kafin ka saya, ka san zurfin ruwan rijiyarka da faɗin gonarka, ka kuma tambayi wanda ya riga ya yi kaka ɗaya da irinsa, ba mai shago kaɗai ba. Maƙwabtan gona uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya, muddin sun yi yarjejeniyar ranar kowa a gaban shaidu tun kafin zafi ya shigo. Rigimar ruwa a watan Afrilu ba ta da daɗi. Kada kuma a sayar da tsohon injin mai, a ajiye shi saboda ranar hazo.

An ce abinci ya sauko a 2025. Me ya sa manoma kuma suke kuka?

A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Hatsin waje ya shigo, amfanin gona ya fito, farashin masara da shanshera ya faɗi. Mai albashi ya ɗan sarara. Amma taki bai sauko ba, maganin ciyawa bai sauko ba, ƙwadago bai sauko ba. Manomin da ya yi noma da tsada ya wayi gari yana sayarwa da araha, wani ko uwar kuɗinsa bai mayar ba.

Wannan ba abin murna ba ne ga kowa, har mai saye. Manomin da ya faɗi bana, baɗi zai rage gona ko ya noma na cin gidansa kawai, shekara ta gaba kuma kasuwa ta sake tashi. A ganina sauƙin da zai ɗore shi ne wanda ya zo ta hanyar rage kuɗin noma, wato ruwa, taki da sufuri. Wanda ya zo ta tashar jirgin ruwan Legas, ranar da aka mayar da haraji ko dala ta motsa zai tafi.

Ba masu ɓoye abinci ne suke jawo duk wannan ba?

Suna da nasu kason, amma a rarrabe. Manomin da ya zuba geronsa a rumbu don iyalinsa, ko ya riƙe buhu goma zuwa damina, bai yi laifi ba, shi ne ma mai hankali. Wanda addini ya yi wa kashedi shi ne mai bin kasuwanni yana kwashe abinci lokacin da jama'a ke cikin buƙata, ya kulle don ya yi tsada.

Abin da ya fi cutar da ƙauye shi ne sayarwar dole da kaka. An ci bashin taki, ga bikin 'ya, ga kuɗin makaranta, ga mai bin bashi a ƙofar gida. Kowa ya fito da hatsi a mako guda, farashi ya faɗi, mai kuɗi ya saya ya ajiye. Watan Yuli ko Agusta, wannan manomin zai dawo kasuwa ya sayi hatsin da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya ninka. Wa'azi kaɗai ba zai hana wannan ba, sai manomi ya sami wata hanyar samun kuɗi da kaka: tumaki biyu da aka turke, lambun rani, ko adashen da zai fito a daidai lokacin.

Yaya batun rashin tsaro?

Shi ne babba a wasu yankunan. A masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, akwai ƙauyukan da mutane suka bar gonaki masu albarka suka koma gari, alhali yankin na cikin masu ciyar da jihar da dawa da masara. A maƙwabciyarmu Zamfara an sha jin 'yan bindiga suna ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi. Ta arewa kuma ga 'yan bindigar Lakurawa, waɗanda suka kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024. Manomin da ya yi gudun hijira asara biyu ce ga kasuwa: abin da zai noma bai fito ba, shi kuma ya shiga layin masu awo. Babu dabarar lambu da za ta maye gurbin wannan.

Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ba ni da gona. Shuka a cikin gida za ta rage mini wani abu?

Ba za ta ba ka tuwo ba, kada wani ya ruɗe ka. Hatsin da gida mai mutum takwas ke ci a shekara ba ya fitowa daga tsakar gida. Amma lissafa abin da kake bayarwa na cefane kullum, ka ga nawa ne ke tafiya a ganye, kuɓewa, attarugu da tattasai. Nan ne lambun gida yake aiki.

Fara da masu sauƙi. Alayyafo ana fara yanka shi cikin mako uku zuwa huɗu. Rama, yakuwa da lalo ba su da fitina. Kuɓewa gindi goma in ana tsinka a kai a kai za ta riƙe miya, ragowar a yanka a shanya. Zogale kuwa a dasa reshe ko a shuka iri a jikin katanga, a riƙa datse kansa don ya yi rassa a inda hannu zai kai. Tumatir da attarugu sun fi son a fara su bayan ɗaukewar ruwa, su girma cikin sanyi. Wanda ya dasa tumatir a watan Maris a Birnin Kebbi zai ga fure yana zubewa, ya ce hannunsa ne ba shi da kyau.

In gidan siminti ne ko haya kake, tsofaffin buhunan taki ko na siminti sun isa. A naɗe bakin buhu, a huda ƙasansa da gefensa don ruwa ya fita, a cika da ƙasa mai kyau haɗe da takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. A ajiye inda rana ke samu da safe, inuwa da la'asar. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk su tafi can, ban da mai sabulu da omo.

Sai abokan gaba na gida: akuya da kaji. Uwargida, in ba a kewaye wurin da kara ko tsohon gidan sauro ba, wahalar wata guda akuya za ta gama da ita kafin a sauke tukunya.

Ina da gona amma taki ya fi ƙarfina. Na rage gona ko na barbaɗa kaɗan ko'ina?

Rage. An yi lokacin da shirin takin shugaban ƙasa ya sayar da buhun NPK a naira 5,500, wajen 2017. Wannan zamani ya wuce. Kadada ɗaya da ta ƙoshi ta fi uku da aka yi wa ɗanɗane, kuma ka rage kuɗin noma da ciyawa.

Yadda ake zuba shi ma yana da muhimmanci. Yuriya da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa cikin rana, wani kasonta iska ke tafiya da shi. A raba ta kashi biyu, a sa lokacin da ƙasa ke da danshi, a rufe. A gonar tudu, ɗan taki kaɗan a gindin kowace shuka ya fi watsawa. A dawo da abin da iyaye suka sani: kai takin gida gona tun da rani, da yarjejeniya da makiyayi ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi inda zaman lafiya ya ba da dama. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, don haka a riƙa juya su da gero da dawa. Hakan yana kuma rage wuta-wuta.

A kula da iri. Wanda aka maimaita shekara da shekaru yakan gauraye, amfaninsa ya ragu. A nemi malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jiha, ko dillalin iri mai rajista, a guji na cikin leda marar suna a ranar kasuwa.

Ambaliya da tsuntsayen jan baki fa, akwai abin yi?

Akwai irin shinkafa masu jure nutsewa a ruwa na kwanaki, Faro 66 da Faro 67, waɗanda suka dace da fadamar da ruwa ke hawa ya sauka. In gulbi ya zauna a gona wata guda, babu irin da zai tsira, shi ya sa da yawa a bakin Rima da Neja suka mayar da ƙarfinsu ga noman rani. A riƙa sauraren hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara. Jan baki kuwa sun fi ƙarfin yaro da gwangwani in sun zo da yawa, feshin jirgi ne maganinsu, wannan kuma aikin gwamnati ne. Abin da manoma ke iya yi shi ne shuka a lokaci ɗaya. Gonar da ta nuna ita kaɗai, kafin kowa ko bayan kowa, ita ce abincinsu.

Me ya sa albasa da tumatir suke arha kamar banza wata biyu, sannan su gagara?

Domin tare suke fitowa kuma ba sa jira. Aliero ta yi suna da albasa har ƙasashen maƙwabta, amma wani kaso mai yawa na abin da ake ajiyewa a rudu yana ruɓewa kafin lokacin tsada. Albasar ajiya tun a gona ake shirya ta: a rage yuriya, a yanke ruwa in ganye ya fara kwanciya, a bar wuyanta ya bushe sosai, a ware mai rauni, a shimfiɗa inda iska ke ratsawa ta ƙasa da sama. Albasar da aka ɗura wa taki ta yi ƙato tana da kyan gani a kasuwa, ba ta kai wata uku.

Tumatir kuma ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna sosai a Arewa a 2016 kuma tana dawowa lokacin zafi. Ga magidanci, dabarar ita ce ta kaka da kakanni: lokacin da kwando ya yi arha a Fabrairu, a saya a yanka a shanya a yi kauɗa. A shanya a kan tabarma ko gado mai tsafta sama da ƙasa, ba a gefen kwalta ba inda ƙura da awaki ke bi.

Wane magani zan sa wa wake don kada ya yi ƙwari?

In da hali, babu. Akwai buhun PICS mai ciki uku, leda biyu da buhu ɗaya a waje. A busar da wake sosai, a cika, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki iska ke ƙare masa ya mutu. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki in an cika shi taf. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa, kuma a kiyaye ɓera.

Zuba fiya-fiya ko Sniper a cikin abinci guba ce, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Irin wannan ragowar magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Na karɓi bashin noma in an kawo?

Karɓi in ka karanta sharuɗɗan, kuma kayan za su iso kafin lokacin shuka. Anchor Borrowers ya bunƙasa shinkafa a jihar nan, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma an sha wahalar karɓo bashin: wasu ambaliya ta cinye su, wasu sun ɗauka rabon gwamnati ne, wasu kuma da ma ba manoma ba ne, sunansu kawai ya shiga takarda. Takin da ya zo bayan shinkafa ta fitar da kai bashi ne kawai ya rage maka. Ka tambaya ko akwai inshorar NAIC, hukumar inshorar noma ta ƙasa, a ciki, da wanda zai zo ya duba gona in ruwa ya ci.

Shin kowa ya koma shinkafa ke nan?

A'a. Shinkafa ta fadama ce da mai ruwa. A ƙananan hukumomin Arewa, Dandi da Gwandu, gero da wake su ne abin dogaron tudu: ba sa neman inji, takinsu kaɗan ne, kuma damin gero yana shekara a rumbu lafiya lau. Dankali da rogo suna cika ciki da kuɗi kaɗan. Gidan da ya saba da tuwon dawa, fura da ɗanwake bai jin tashin buhun shinkafa kamar gidan da yara suka ce in ba ita ba sai dai a kwana da yunwa.

Mai noman rani da inji, nawa zai fitar na zakka?

Abin da ruwan sama ko gulbi ya shayar ba tare da wahala ba, ɗaya cikin goma ne. Abin da aka shayar da inji ko guga, ɗaya cikin ashirin, idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi biyar. Ranar girbi ake fitarwa, ba a jiran shekara. Gonar da ta sha ruwan sama rabi, inji rabi, ko wadda aka noma da bashi, a kai wa malamin unguwa lissafinta ya duba.